Tambayoyi da Amsoshi kan Yadda Ƙananan Halittu ke Wargaza Gaurayen Sinadarai Masu Kulorin a Ƙasa da Ruwan Rijiya

An tattara waɗannan tambayoyi ne daga abin da ɗaliban kimiyya, ma'aikatan duba-gari, masu haƙa rijiyar burtsatse da magidantan da ke maƙwabtaka da wuraren sana'a a Katsina da Daura suke yawan maimaitawa. An fara da masu sauƙi kafin a shiga masu zurfi, kuma an sa wa kowace lamba domin mai karatu ya iya komawa inda aka nuna masa.

1. Waɗanne sinadarai ake nufi, kuma a ina mutum ke cin karo da su?

Ruwaye ne da masana'antu ke haɗawa domin cire maiƙo, kuma abin da ya tara su wuri ɗaya shi ne kowannensu yana ɗauke da ƙwayoyin kulorin manne da ƙwayar kabon. Biyu ne suka fi suna: PCE, wanda injinan wankin kwat da manyan tufafi ba tare da ruwa ba suke aiki da shi, da TCE, wanda aka shafe shekaru ana wanke ƙarafa da kayan injin da shi. Bayan su akwai TCA, wanda shi ma ake wanke ƙarafa da shi, da kulorofom, da kabon tetirakuloraid, da DCM da ake samu a wasu magungunan kankare fenti. Masana'antu sun rungume su ne saboda ba sa kama wuta kamar fetur, kuma suna bushewa nan take ba tare da barin tabo ba.

Ya kamata a rage fargaba tun daga nan. Yawancin kanikawanmu da fetur ko kananzir ko man gas suke wanke kayan injin, kuma da dama daga shagunan da suka rubuta wankin zamani a allonsu wanki da guga ne kawai na ruwa da sabulu. Waɗannan suna da tasu illar, amma babu kulorin a cikinsu. Inda ya kamata a sa ido shi ne wurin da ke da injin wanki na gaske, da wasu gwangwanayen feshin wanke birki, da ɗakunan gwaji masu ajiye kulorofom, da harabar tsofaffin masana'antu, sai kuma durom ɗin da aka sayo na hannu a kasuwa ba a san abin da ya taɓa zama a cikinsa ba.

2. Ashe ba kulorin ɗin da ake zuba wa ruwan famfo ba ne?

Ba shi ba ne. Wancan ana zuba shi ne domin ya kashe ƙwayoyin kwalara da taifot, kuma yana gushewa cikin ɗan lokaci. Gaskiya ne idan ya haɗu da ruɓaɓɓen ganye a ruwa yakan haifar da ɗan kulorofom, amma wannan ba hujjar daina tsabtace ruwa ba ce, domin amai da gudawa sun fi shi saurin kisa nesa ba kusa ba.

3. Me ya sa ɗan abin da ya zube yake ɓata ruwa mai yawa, kuma ya ƙi tafiya?

Kowa ya san idan man gyaɗa ko fetur ya shiga ruwa sai ya taso sama. Waɗannan kuwa sun fi ruwa nauyi: litar ruwa kilo 1 ce, litar TCE kilo 1.46, litar PCE kuma kilo 1.62. Saboda haka idan sun zube sai su ratsa ƙasa, su ratsa ruwan da ke ƙarƙashinta, su ci gaba da nutsewa har sai sun tarar da yumɓu ko dutse, sannan su kwanta a can suna narkewa kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru. Ruwan ƙasa da ke wucewa ta kansu yana ɗaukar abin da ya narke ya yi gaba da shi, ta haka gurɓatar ke miƙewa kamar jela har ta isa rijiyar wanda bai san an zubar da komai ba.

Ma'aunin da ake magana a kansa ƙanƙani ne ƙwarai. Hukumar kare muhalli ta Amurka ba ta yarda TCE ko PCE su wuce maikurogiram 5 a litar ruwan sha ba, kuma maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Idan aka yi lissafi da wannan ma'auni, lita ɗaya tak ta TCE ta isa ta ɓata lita kusan miliyan 290. A irin wannan ƙanƙanta ruwan ba ya sauya launi, ba ya wari, kuma ɗanɗanonsa garau yake.

4. Mece ce illarsu ga lafiya, kuma an taɓa ganin hakan a zahiri?

Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa TCE cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo dajin ƙoda tun 2012, ta kuma sa PCE cikin waɗanda ake kyautata zaton suna jawo daji. Wanda ya fi su muni shi ne binil kuloraid, wato VC, wanda aka gano alaƙarsa da wani dajin hanta a 1974 a jikin ma'aikatan wata masana'antar roba a Louisville ta Amurka. A riƙe sunan VC da kyau, domin shi ne ƙashin bayan tambaya ta 7.

A garin Woburn na jihar Massachusetts an rufe rijiyoyin gari biyu a 1979 bayan an gano TCE da PCE a cikinsu, a daidai lokacin da dajin jini ya yawaita tsakanin yaran unguwar. A barikin sojan ruwa na Camp Lejeune kuma, gwamnatin Amurka ta amince cewa an sha gurɓataccen ruwa daga 1953 zuwa 1987. Ba ta sha kaɗai ake kamuwa ba: tururin sinadaran kan taso ta tsagar daɓe ya taru a ɗakin da ba ya samun iska.

5. Ta yaya ƙwayar halitta za ta ci guba ta rayu?

Da farko a bar kiran su ƙwayoyin cuta, domin bakteriyar da ke wargaza waɗannan sinadarai ba sa sa wa mutum ciwo. Na biyu, ba cin gubar suke yi ba, numfashi suke yi da ita. Ɗan Adam yana cin tuwo ya shaƙi iskar oksijin, oksijin ɗin ya karɓi ilektaron, wato 'yan ƙwayoyin lantarki, da aka ciro daga abincin, ta haka jiki ke samun ƙarfi. Su kuwa abincinsu iskar haidurojin ce, kuma sinadarin mai kulorin shi ke tsaya musu a madadin oksijin. Duk lokacin da suka miƙa masa ilektaron, ƙwayar kulorin ɗaya za ta fita, haidurojin ya maye gurbinta.

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin marina ya ga irin wannan aiki da idonsa. Marini yana zuba baba da toka a rami, ya bar shi kwanaki har ya ruɓa ya fara kumfa da wari. A can ƙasan ramin, inda iska ba ta kaiwa, bakteriya ne ke miƙa wa baba ilektaron har ya narke ya iya shiga zare. Shi ya sa idan aka ciro ƙyalle sai a gan shi kore-kore, sai ya sha iska sannan ya koma shuɗi a gaban idon mai kallo. Abin da injiniyan muhalli ke nema shi ne ya mai da ƙarƙashin gurɓataccen fili kamar wannan ramin: babu iska, akwai abin ruɓa, tsami bai yi yawa ba.

PCE yana da kulorin 4. Idan aka cire ɗaya ya zama TCE mai 3, sannan DCE mai 2, sannan VC mai 1, sannan etin wanda ba shi da ko ɗaya. Etin iska ce da ayaba da mangwaro ke fitarwa sa'ad da suke nuna, kuma a irin adadin da ake samu a nan ba ta da wata illa.

6. Waɗanne bakteriya ne ke wannan aiki?

Matakai biyu na farko, daga PCE zuwa DCE, masu iya su suna da yawa, irin su *Dehalobacter* da *Desulfitobacterium* da *Sulfurospirillum* da wasu daga dangin *Geobacter*. Matakai biyu na ƙarshe ne ke da ƙarancin ma'aikata, kuma a nan *Dehalococcoides mccartyi* ta yi suna. A 1997 masu bincike a Jami'ar Cornell suka ware nau'inta na farko, mai lamba 195, daga laka ta matatar ruwan kwata, kuma a 2013 aka sa mata sunan da take amsawa yanzu domin girmama Farfesa Perry McCarty na Jami'ar Stanford. Faɗinta bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba.

Halitta ce mai tsirfa. Ba ta samun ƙarfi daga komai sai haidurojin, ba ta numfashi da komai sai sinadarai masu kulorin ko danginsa, oksijin na kashe ta, kuma ba ta iya haɗa bitamin B12 da kayan aikinta ke buƙata, sai maƙwabta sun haɗa mata. Saboda haka ba a samun ta ita kaɗai. Tana zaune ne a cikin jama'a, wasu na ruɓar da abinci su fitar mata da haidurojin, wasu na samar mata da bitamin. Sannan ba duk nau'o'inta ne ke iya ƙarasa VC da kyau ba. Ita kanta lamba 195 a hankali take yin wannan matakin, sai a 2003 aka ware nau'in BAV1 daga wani fili a jihar Michigan wanda ke rayuwa a kan VC kai tsaye.

7. Me ake nufi idan aka ce aikin ya tsaya a rabi?

Ana nufin PCE da TCE sun ragu, amma DCE ko VC sun taru babu mai ƙarasa su. Wannan shi ne gudun gara a tarar da zago, domin VC ya fi iyayensa guba, ya fi su saurin tafiya cikin ruwan ƙasa, kuma iyakarsa a ruwan sha ta fi tsanani: maikurogiram 2 a lita a ma'aunin Amurka, 0.3 a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. A wani bincike da aka wallafa a 2002 kan gurɓatattun filaye 24 a Arewacin Amurka da Turai, an sami *Dehalococcoides* a filaye 21 da aikin ya kai ga etin, ba a same ta ba a 3 da aikin ya tsaya a DCE.

A ganina duk rahoton da ya nuna TCE ya sauka amma bai auna VC da etin ba, rahoto ne da bai faɗi komai ba tukuna. Rashin bakteriyar da ta dace na iya jawo tsayawar, haka ƙarancin abinci ko tsamin ruwa, amma a filin da aka zubar da abubuwa iri-iri babban abin zargi shi ne wanda ke cikin tambaya ta 8.

8. Me ya sa gauraye ya fi sinadari guda wuyar sha'ani?

Ba kasafai ake samun fili mai sinadari ɗaya ba, domin ramin da aka zubar da TCE a bana shi za a zuba wa TCA da baƙin mai a baɗi. A Amurka ma masana'antu da yawa sun bar TCE sun koma TCA a shekarun 1970, daga baya Yarjejeniyar Montreal ta 1987, bayan gyare-gyaren da aka yi mata, ta sa aka daina TCA da kabon tetirakuloraid saboda suna cinye rufin ozon, shi ya sa ake tarar da su a kwance tare a fili guda. Matsalar ita ce sinadarin da wata bakteriya ke numfashi da shi, guba ne ga wata. Kulorofom da TCA suna toshe kayan aikin da *Dehalococcoides* ke cire kulorin ɗin ƙarshe da su, ko da kuwa adadinsu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da TCE ɗin da ke wurin. Sai a ga an zuba abinci, an kawo bakteriya mai kyau, amma VC na ta taruwa.

Akwai kuma haihuwa a cikin gaurayen. Kabon tetirakuloraid idan ya rasa kulorin ɗaya kulorofom yake zama, wato gyaran wani ɓangare na haifar da abin da zai tsayar da ɗaya ɓangaren. TCA kuma ko babu bakteriya yana warwarewa da kansa a cikin ruwa, wani kaso nasa ya zama wani nau'in DCE na daban. Sannan an riƙa haɗa TCA da wani sinadari mai suna dayoksen domin kada ya ci gwangwanin alminiyam. Shi dayoksen ba shi da kulorin, ba ya jin wannan hanya ko kaɗan, kuma yakan riga kowa isa rijiya. An yi maganarsa a tambaya ta 12.

Ba kullum gauraye ke zama sharri ba. Idan fetur ko man gas ya zube tare da TCE, bakteriyar da ke cin man sukan shanye oksijin ɗin wurin, daga nan ruɓar man ta fara fitar da haidurojin, sai ya zamana man ya zama abincin da aka ba masu cire kulorin ba da niyya ba. Hakan na tafiya har ranar da man ya ƙare, daga nan aikin ya tsaya.

9. To da wanne ake farawa idan an sami gauraye?

Ana farawa da mai toshe hanya. Ƙungiyar Farfesa Elizabeth Edwards ta Jami'ar Toronto a Kanada ta nuna a 2006 cewa idan aka haɗa *Dehalobacter* mai numfashi da TCA da *Dehalococcoides* a wuri guda, ta farkon tana sauke TCA, sannan ta biyun ta sami sarari ta kai TCE ga etin. A 2010 suka nuna cewa *Dehalobacter* na iya numfashi da kulorofom ta mai da shi DCM, shi kuma DCM akwai wasu bakteriya, irin su *Dehalobacterium*, da ke ruɓar da shi gaba ɗaya, har abin da ya fito daga ruɓar ya zama abinci ga sauran.

A aikace wannan na nufin a ɗebo ƙasa da ruwa daga filin, a zuba su a kwalabe rufaffu a ɗakin gwaji, a ba wasu abinci kawai, a ƙara wa wasu bakteriya, a bar wasu yadda suke, sannan a yi watanni ana aunawa. Kuɗin wannan gwaji kaɗan ne a kan kuɗin huda rijiyoyi da dama a zuba abin da ba zai yi aiki ba. A lura kuma cewa TCA yakan tsaya a wani sinadari mai kulorin ɗaya, kuloro'etan, wanda shi ma dole a sa shi cikin jerin abin aunawa.

10. Wane irin abinci ake ba su?

Duk abin da zai ruɓa a hankali ya fitar da haidurojin. An yi amfani da baƙin ruwan rake da ke saura bayan an tace sukari, da tsararon madara, da sinadarin laktet, da man waken suya da aka kaɗa da ruwa har ya yi fari kamar madara domin ya ratsa ƙasa. Masu zaƙi suna aiki da sauri amma su ƙare da sauri, mai kuwa yana maƙalewa a jikin yashi ya yi shekaru yana saki. Inda ruwan ƙasa ba shi da zurfi akan haƙa dogon rami a gicciye hanyarsa a cika da ɓawon itace da yashi.

Ba masu cire kulorin kaɗai ke jiran wannan abinci ba. Sai masu numfashi da oksijin sun ƙoshi, sannan masu naitiret, sannan masu tsatsar ƙarfe, sannan a yi ta gogayya da masu salfet da masu fitar da iskar metan. Idan aka yi rowa abincin ba zai kai ga waɗanda ake nufi ba. Idan aka cika hannu kuma sai ruwan ya yi tsami, metan ya taru a ƙarƙashin gini, ƙarfe da manganis, wani lokacin har da gubar asinik, su narke daga jikin ƙasa su shiga ruwa.

Tsamin na da tushe biyu: ruɓar abincin, da kuma ita kanta cire kulorin, wadda ke sakin asid a kowane mataki. *Dehalococcoides* ta fi son ma'aunin tsami na pH ya zauna kusa da 7, kuma idan ya faɗi ƙasa da 6 aikinta kan yi rauni sosai, musamman a matakin VC. Maganin da ake yi bai yi nisa da na mai dafa miyar yakuwa ba, wadda ke jefa kanwa ta kashe tsami: ana haɗa abincin da hodar bekin soda ko wani abu mai irin aikinsa.

11. Dole ne sai an sayo bakteriya daga waje?

Ba dole ba ne idan gwaji ya nuna suna nan. Idan babu su, ana yin abin da mai nono ke yi sa'ad da ta zuba ragowar kindirmon jiya a madarar yau. An gwada haka a sansanin sojan sama na Dover a jihar Delaware, aka wallafa sakamakon a 2000, sannan a sansanin Kelly na Texas da haɗin KB-1 na Jami'ar Toronto, kuma a duka biyun aikin da ya tsaya a DCE ya ƙarasa zuwa etin bayan an zuba irin. Akwai haɗin da aka ƙara wa *Dehalobacter* musamman domin gauraye. Ana kawo su ne a tukwanen ƙarfe marasa iska, kuma ba a zuba su sai abincin da aka fara sakawa ya shanye oksijin ɗin ruwan, in ba haka ba an yi asarar kuɗin.

12. Babu hanyar da za a yi aikin da iska a wurin?

Akwai, amma ba ga kowane sinadari ba. A 1985 aka nuna cewa ƙasar da aka ratsa da iskar gas da iska tana wargaza TCE, domin bakteriyar da ke cin metan suna da wani makami mai faɗin baki da ke sarar TCE bisa kuskure, ba tare da sun amfana da shi ba. Wannan hanya ba ta tara VC, sai dai ba ta taɓa PCE da kabon tetirakuloraid, waɗanda kulorin ya rufe su ruf.

VC da DCE kuwa suna da masu cin su a gaban oksijin, irin su *Mycobacterium* da *Nocardioides* da *Polaromonas*, haka dayoksen yana da *Pseudonocardia dioxanivorans*. Shi ya sa a fili mai gauraye akan raba aikin gida biyu: a kusa da tushen zubar a hana iska domin a sauke masu kulorin da yawa, a can gaba kuma a hura iska domin a ƙarasa abin da ya tsere. Jeren na da muhimmanci, domin nau'in DCE ɗin da TCA ke haifarwa yana hana mai cin dayoksen aiki.

13. Yanayin Katsina da Daura zai taimaka ko zai hana?

Zafi na taimakawa. Waɗannan bakteriya sun fi kuzari tsakanin digiri 25 zuwa 30, kuma ruwan ƙasarmu ɗumi ne duk shekara, ba kamar na Kanada ba inda sanyi ke rage musu gudu. Ƙasar ce ke da wuya. Mafi yawan Jihar Katsina na zaune ne a kan tsohon dutse, ruwa kuma yana cikin ruɓaɓɓen saman dutsen ne da tsagoginsa, kuma idan sinadari mai nauyi ya shiga tsaga, gano inda ya bi da kai masa abinci aiki ne ja. A sassan arewa da ke da shimfiɗar yashi, kamar wajen Daura, abincin zai fi saurin bazuwa, amma gurɓatar ma haka.

Sai kuma hawa da saukar ruwa. Daga Yuni zuwa Satumba ruwan sama mai ɗauke da oksijin yana sauka ya ɗaga ruwan rijiyoyi, da rani kuma ya ja baya, wanda ke nufin sashen sama na iya sauya hali sau biyu a shekara. A unguwannin da masai ke kusa da rijiya ruwa kan ɗauki naitiret, shi kuma yana gaba a layin cin abinci kamar yadda aka nuna a tambaya ta 10. Gargaɗi na musamman ga masu haƙa burtsatse: huda rijiya a tsakiyar wurin da ake zargi ba tare da toshe gefen bututu da siminti ba na iya buɗe wa sinadarin hanya ya gangara zuwa ruwan da ke can ƙasa, wanda a da yake da tsabta.

14. Yaya ake ɗibar ruwan gwaji, kuma me ake dubawa?

Wani dattijo ya taɓa kawo mini ruwan rijiyarsa a gorar roba da ba ta cika ba, ya ɗauro ta a bayan babur da tsakar rana, ya ce: "Malam, ga shi ku duba mana." Na ce masa: "Baba, ku yi haƙuri, abin da muke nema ya riga ya gudu a hanya." Sinadaran nan masu tashi ne. Ana ɗibar ruwan ne a 'yar kwalbar gilashi mai mililita 40, a zuba a hankali har ya yi tozo a baki, a rufe, a kifa ta a ƙwanƙwasa da yatsa; idan ko ƙwayar kumfa ɗaya ta taso, sai a sake. Daga nan a sa ta cikin ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji mai na'urar rarrabe iska cikin kwana 14 idan an ɗiga mata asid. Gwajin da aka saba yi wa sabuwar burtsatse, na ƙwayoyin cuta da gishiri da ƙarfe, ba ya ganin su.

Alamar da ta fi kowace ita ce bayyanar etin tare da saukar DCE da VC. Ana kuma ƙirga *Dehalococcoides* ta hanyar gwajin ƙwayoyin gado, inda ake ɗaukar miliyan 10 a lita a matsayin adadin da aiki ke tafiya da kyau, a kuma nemi ƙwayoyin gadon vcrA da bvcA, waɗanda su ne shaidar cewa nau'in da ke wurin na iya ƙarasa VC. Saukar adadi kaɗai ba hujja ba ce, musamman da damina, domin ruwan sama na iya tsinka gurɓatar ba tare da an wargaza komai ba.

15. Shekara nawa aikin ke ɗauka?

A kwalba watanni ne, a fili shekaru. Ko an share ruwan, abin da ya shige cikin yumɓu da ramukan dutse yana dawowa a hankali ya sake ɗaga adadin, shi ya sa ake ci gaba da aunawa bayan an daina zuba abinci. Inda sinadarin ke kwance tsantsa akan fara da kwashe ƙasar, ko zuƙe tururinsa, ko dumama ƙasar, sannan a bar wa bakteriya saura. Akan kuma haɗa su da garin baƙin ƙarfe, dabarar da ta fito daga Jami'ar Waterloo a Kanada, wanda ke cire kulorin ba tare da rai ba, kuma yana da amfani wajen sauke kabon tetirakuloraid kafin ya dami bakteriya.

16. Za a iya gyara wuraren gubar dalma irin na Zamfara da wannan hanya?

A'a. Dalma ƙarfe ce, ba a wargaza ta ta zama wani abu. Shi ya sa a ƙauyukan da abin ya shafa tun daga 2010, irin su Dareta da Bagega, kankare ƙasar gidaje aka yi aka binne, aka zubo sabuwa.

17. Idan muna zargin rijiyarmu, me za mu yi kafin a gwada, kuma wa za mu gaya wa?

Ku daina sha da girki da ruwan, ku nemi wani. Tafasawa na korar sinadaran daga ruwa zuwa iskar kicin, inda mai girki za ta shaƙe su, kuma alif da tacewa da ƙyalle ba sa cire su. Gawayin tacewa na musamman yana kama TCE da PCE, amma riƙonsa ga VC ba shi da ƙarfi, kuma gawayin girki ba ya maye gurbinsa. Kada kuma wani ya zuba ruwan rake ko mai a rijiya da sunan ciyar da bakteriya. Tambaya ta 7 da ta 10 sun nuna abin da hakan ke haifarwa.

Ku sanar da ma'aikatan lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma, da hukumar kare muhalli ta jiha, da NESREA, wadda aka kafa a 2007 domin tilasta bin dokokin muhalli na tarayya. Zubar da shara mai guba laifi ne a Najeriya tun Dokar Soja ta 42 ta 1988, wadda aka yi bayan an jibge durom-durom na sharar Italiya a garin Koko da ke Jihar Delta ta yanzu. Ku rubuta abin da kuka sani tun kafin a manta: irin sana'ar da aka yi a filin, daga wace shekara zuwa wace, inda ake zubar da ruwan wanki, zurfin rijiyarku, da rijiyoyin maƙwabta da ke gangaren wurin. Idan akwai tsohon durom ko gwangwani mai rubutu a jiki, ku ɗauki hotonsa ba tare da kun buɗe shi ba, domin da wannan rubutun mai gwaji zai san jerin sinadaran da zai nema.